Pardon Me, jan furen da ke raka ni aiki ya kuma tarbe ni

Shekara uku ke nan da dasa shi, shi ya sa yanzu nake jin na isa in faɗi ra'ayina a kansa. Da a shekarar farko aka tambaye ni, da na ce kuɗina sun tafi a banza.

A Columbus ta jihar Ohio muke zaune, aikin jinya nake yi, yawanci na dare. A ƙofar gidanmu akwai wani siririn fili tsakanin matakala da inda maigida ke ajiye mota, faɗinsa bai kai taku biyu ba. Abin da nake nema shi ne fure gajere, ja, wanda ba sai na tsaya a kansa kullum ba. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta ce in nemi daylily, irin da ake kira Pardon Me. Asalin dangin furen daga Sin da Koriya da Japan yake, sunansa na kimiyya kuwa Hemerocallis, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin yini da kyau, domin kowane fure kwana ɗaya yake yi ya yanƙwane. Wannan irin da na saya wani mai haɗa irin furanni, Darrel Apps, ne ya yi masa rajista a 1982.

Ta intanet na yi odar guda uku daga wani gidan sayar da shuke-shuke, suka iso a watan Afrilu cikin kwali, babu ƙasa babu tukunya. Saiwoyi ne kawai masu kauri kamar yatsu, da guntun ganye da aka datse. Biyu lafiyayyu ne, na ukun ya yi laushi har yana wari. Na tura musu hoto, sai da na bi su da saƙo sau uku kafin suka aiko madadinsa, lokacin Mayu ta kusa ƙarewa. Wannan kam bai yi mini daɗi ba, kuma ban sake saye a wurinsu ba.

Na jiƙa saiwoyin a bokiti na 'yan awoyi, na haƙa rami, na gauraya ƙasar da taki saboda tamu laka ce mai riƙe ruwa. Maƙwabciyar ta tsaya a kaina tana nuna mini: wuyan shukar, inda ganye ya haɗu da saiwa, kada ya nutse fiye da inci ɗaya, in ba haka ba sai a sami ganye cunkus babu fure. A waccan shekarar ta farko kara biyu kacal suka fito, furen da na ƙirga bai kai goma ba.

A shekara ta biyu ne ya nuna kansa. Tsawonsa wajen santimita 45 ne, bai kai gwiwata ba, furen kuma faɗinsa kamar santimita 7, ya zauna daidai a tafin hannun 'yata. Jansa irin na zoɓon da aka dafa da kauri ne, kafin a sirka shi da ruwa, can cikin maƙogwaronsa kuma ruwan ɗorawa mai ɗan kore-kore. Abin da ya sa na ƙaunace shi shi ne lokacin buɗewarsa. Yana cikin irin da ke fara buɗewa da yamma. In zan fita aiki wajen shida da rabi, sai in ga bakin furen ya ɗan tsage, jan na leƙowa. Da safe in na dawo a gajiye, ƙafafuna na zogi, sai in tarar ya buɗe sosai da raɓa a jikinsa. Nakan durƙusa in shinshina kafin in nemi makulli. Ƙamshin ba mai cika wuri ba ne, sai ka kai hanci kusa. Wanda ya karanta an ce yana da ƙamshi ya sa ran irin na turaren wuta, zai ji an yaudare shi.

Daga ƙarshen Yuni yake farawa, ya yi makonni yana jerawa, yau wannan gobe wancan, sai ya ɗan huta ya sake fitar da sababbin kara a Agusta. Zagaye na biyun bai kai na farko yawa ba, kuma na lura sai na kula da ban ruwa a watan Yuli yake zuwa da kyau.

Yana da nasa aibu. Ranar la'asar tana cin jansa. Guda ɗayan da ke can ƙarshe, inda inuwar gida ba ta kaiwa, furensa kan koɗe ya yi dishi-dishi kafin yamma. Yana son rana ta awa shida, amma ta safe ta fi masa. Furen da ya mutu kuma yakan narke ya manne wa wanda bai buɗe ba, dole in bi in tsinke, yatsuna su rine kamar na taɓa jan lalle. Barewa ma na sonsa, dare ɗaya suka taɓa cinye mini kawunan kara huɗu. Babban abin da nake so kowa ya ji shi ne maganar kyanwa: wannan fure guba ne gare ta, ko ɗan kaɗan ta ci yana iya kashe mata ƙoda. Tamu ba ta fita waje, kuma ban taɓa yanko furen na shigo da shi ɗaki ba.

Da sanyi ya kama ganyen ke bushewa ƙurmus, shukar ta kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara har Maris. Hunturun farko na ɗauka ya mutu. Ashe barcin nan yake buƙata, shi ya sa da ƙanwata ta ce in kawo mata saiwa Kano na ce ta haƙura, irin masu barcin hunturu ba sa jin daɗin ƙasar da ba ta sanyi sosai.

Yanzu kowane gindi ya cika ya tumbatsa, ganyen har yana kwantowa kan matakala. Farkon Satumba zan sa shebur in tono na ƙarshen nan, in raba shi uku, biyu su koma gefen da inuwa ke sauka da azahar, ɗayan kuma na riga na yi wa maƙwabciyata alƙawarinsa.