Tabulet ko tsofaffin laftof da uwar kwamfuta: wanne ya dace da ajin ɗinki a gidan gyaran hali?

Malam, game da tambayarka: tsakanin raba wa ɗaurarrun ajinka tabulet da haɗa musu tsofaffin laftof a kan uwar kwamfuta guda wadda ba ta buƙatar intanet, ka ɗauki na biyun, kada ka yi ta dogon lissafi. Shi muke amfani da shi a ajin ɗinki da ƙungiyarmu take taimaka wa a wani gidan gyaran hali a nan Arewa, kuma har yau bai ba mu kunya ba.

Tsarin ba wuya. Ana samun kwamfuta ɗaya mai ɗan ƙarfi, ko ƙaramin akwatin nan Raspberry Pi da bai wuce tafin hannu ba, a ɗora masa manhajar koyarwa ta Kolibri. Kyauta ce, wata ƙungiya mai suna Learning Equality ce ta yi ta musamman saboda wuraren da babu intanet. Wannan kwamfutar ita ce uwar, ita take riƙe da darussan. Sai a ja waya daga uwar zuwa sauran laftof ɗin ta rauta, wato na'urar da take haɗa kwamfutoci da juna. Darussan a waje kake shirya su: ka ɗauki bidiyo, ka ɗora a Kolibri Studio, shafin da ake shirya darussan Kolibri, inda akwai intanet, ka sauko da su a filas, ka kai ofis a duba, sannan a zuba a cikin uwar. Daga nan babu abin da zai shiga ajin ko ya fita ta iska, kuma wannan ne ya sa shugaban gidan ya saki jiki da mu. Ko a Amurka akwai gidajen yarin da suke amfani da irin wannan akwati, wanda ake kira RACHEL, don dalilin nan na tsaro.

Abin da ya sa na ƙaunaci tsarin, wani dattijo ne a ajin. Furfura ta fara masa, mutum mai kunya, wuyan kaftani ya gagare shi. Malamin ɗinki ya nuna masa, ya sake nunawa, har ya daina tambaya don kada samarin da suka yi sa'ar 'ya'yansa su ga gazawarsa. Muka ɗaura waya a saman teburin wani gwanin tela a cikin gari, muka ɗauki hannuwansa kawai: yadda yake ninke yadi, inda yake ɗora tef, yadda allin yake zagaya wuya, inda almakashi yake fara ci. Bayanin da Hausa. Dattijon nan ya sa abin ji a kunne, ya zauna a laftof ɗin ƙarshe kusa da bango, yana tsayar da bidiyon yana mayarwa baya, takardar buhun siminti a kan cinyarsa yana zanawa. Ranar da ya yanka wuyan ya zauna daidai a kan yadi na gaske, ɗaga shi ya yi sama da hannu biyu ya nufi malamin, bai ce komai ba. Yanzu shi yake koya wa sababbin shiga.

Sai batun gwaji, wanda nan ne mutane suka fi ruɗewa. A Kolibri kowane ɗalibi yana da sunansa da shafinsa, malami yana haɗa tambayoyi, kuma yana ganin wa ya ci me, wace tambaya ce ta kayar da mutane. Mu da muka duba, sai muka ga kusan duk ajin a wuri guda suke faɗuwa: rabin inci da kwata da 'yan layukan da ke tsakaninsu. Ashe karatun tef ne matsalar, shi ya sa hannun riga ɗaya yake fin ɗaya tsawo. Malamin ya ajiye keke na ɗan lokaci ya koma kan tef. Ka yawaita tambayoyi masu hoto, domin da yawa daga cikinsu allo suka yi, suna karanta ajami sarai amma boko yana ba su wuya.

Amma fa kwamfuta ba ta duba ɗinki. Ko layin ya miƙe, ko aljihu ya karkace, ko zare ya tattare a ƙasa, idon malami ne da hannunsa. Jarrabawar da za ta ba su takardar da za su nuna a waje, ko ta NABTEB ce, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa, ko gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki 3 da 2 da 1, sai an zauna a kan keke an yi aikin a gaban mai dubawa. Saboda haka mu kashi biyu muke yi: awo da lissafin yadi da sunayen sassan keke a kwamfuta, aikin hannu kuma a takarda, malami ya sa maki ya sa hannu.

Akwai ribar da ba a cika lissafawa ba. Wanda ya saba da kibod da linzami a ajinka ya rage wa kansa wahala gobe. JAMB ta koma jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda take da cibiyoyin karatu a cikin gidajen gyaran hali kuma take koyar da ɗaurarru kyauta, ita ma tana yin jarrabawa a kwamfuta. Sannan ka tuna mafi yawan waɗanda suke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne. Yau mutum yana aji, gobe an ba da belinsa ko an mayar da shi wani gidan. Idan sakamakonsa yana cikin uwar kwamfuta, a ranar za ka buga masa shaidar inda ya tsaya ya tafi da ita.

Tabulet kuwa, to, ba ta da nauyi, kuma wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba yana saurin gane taɓa gilashi. Iyakar alherinta ke nan a wurina. Waɗanda aka saya mana suna da gidan layi da kyamara, gandirobobi suka ƙi yarda su wuce ƙofa sai da aka yi ta kai-komo, waɗanda suka shiga kuma zafin bazara ya kumbura batiransu, bakin caji ya lalace.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa, ko da ba ka tambaya ba. Da zarar sun ji kuɗin ƙungiya ne ko na tallafi, farashi ya tashi. Wani zai zo da Kolibri ɗin nan ya canza mata suna ya ce sai ka biya lasisin shekara-shekara. Kada ka ba shi ko sisi. Laftof na hannu kuma, kada ka karɓa sai an cire caja a gabanka ka ga tsawon lokacin da batirin zai riƙe, domin batirin nan shi ne zai ceci darasi idan aka ɗauke wuta. Ka buɗe cikin kwamfutar ka duba girman ma'ajiyarta da idonka, takardar da aka liƙa a jiki ba shaida ba ce. Wasu ma a kulle suke zuwa da lambar sirrin kamfanin da ya yi amfani da su a Turai. Ka tafi da mai gyara naka, a rubuta maka rasit da lambar kowace na'ura da sharaɗin mayarwa.

Kafin ka sayi ko da waya ɗaya, ka rubuta wa Kwanturolan gidajen gyaran hali na jiharku, ka lissafa duk abin da za ka shigar. Dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar daga gidajen yari zuwa gyaran hali ta ɗora mata nauyin ilmantarwa da koyar da sana'a, don haka ka ambace ta a wasiƙar. Ka rubuta cewa za a cire kyamarori, a toshe bakin filas, a kulle uwar kwamfutar a ofis bayan darasi. Ka fara da laftof kaɗan, mutum biyu a kan ɗaya, sauran kuɗin ka zuba a sola da batir mai kyau, ka kuma ware na yadi da zare da allura.