Gargaɗi: sandar maganaɗisu ba ta ɗaukar kwanson tagulla

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa mazauna Amurka da ke zuwa filin koyon harbi, musamman masu tara kwanson harsashi don su sake cika shi ko su sayar. Akwai masu tallar wata sanda da bidiyo a Facebook da Instagram, wai maganaɗisu ne a bakinta, ka ja ta a ƙasa duk kwanson tagulla ya manne, ba sunkuyo ba ciwon baya. Kada ku saya.

Maganaɗisu ba ya kama tagulla, komai ƙarfinsa. Kwanson harsashi na asali haɗin jan ƙarfe ne kashi 70 da tutiya (zinc) kashi 30, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke amsa maganaɗisu. Duk ɗan gwangwan a Kano ya san haka, shi ya sa yake yawo da guntun maganaɗisu a aljihu: abin da ya manne baƙin ƙarfe ne mai araha, abin da ya ƙi shi ne mai daraja.

To me ake gani a bidiyon nasu? Ba siddabaru ba ne, kwanso ne na gaske yake mannewa, amma ba irin wanda kuke nema ba. Harsasai masu araha irin na Tula da Wolf, da baƙin ƙarfe ake yin kwansonsu. Haka kuma gindin kwanson bindigar harbin tsuntsaye, mai jikin roba, yawancinsa baƙin ƙarfe ne da aka yi wa ruwan tagulla, yana ƙyalli rawaya-rawaya. Sandar maganaɗisu tana da amfani wajen kwashe waɗannan, kuma akwai kamfanoni na ƙwarai da ke sayar da ita a kan haka, suna faɗin gaskiyar aikinta. Ɗan damfara shi ne ya ɗauki wannan bidiyo ya rubuta "tagulla" a ƙarƙashinsa. Ka je fili da ita, ta kwaso maka tarkacen baƙin ƙarfe, ta bar abin kuɗin a ƙasa.

Na'urar da ke aiki da gaske ba ta da wani abin mamaki. Kwando ne na wayoyin ƙarfe masu lanƙwasa a bakin doguwar sanda. Kana gangara shi wayoyin na buɗewa, kwanso ya shige, su koma su rufe. Daidai yake da abin da ake tsince 'ya'yan itacen pekan da shi a kudancin Amurka. Yana yi sosai a kan siminti da gajeriyar ciyawa, amma a cikin tsakuwa zai haɗo maka da duwatsu, ƙananan kwanson harsashi samfurin .22 kuma sukan zame. Akwai kuma jakar raga da ake ɗaurawa a jikin bindiga ta tare kwanson tun bai faɗi ba.

Ko wannan kwandon ma, an samu shagunan bogi da ke satar hotunansa daga masu shi na asali. Za ka ga rangwamen da hankali ba zai ɗauka ba, da agogo yana ƙirga mintuna wai tayin zai ƙare, babu adireshi, babu lambar waya. Inda asirinsu ya fi tonuwa shi ne wajen biya. Sai a ce kati ba ya shiga yau, ka turo ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko Cash App, ko ta PayPal amma ka zaɓi layin 'yan'uwa da abokai. Zelle da kansu sun ce ba su da kariyar mai saye, layin abokai na PayPal ma haka. Kuɗi in sun tafi ta nan, da wuya su dawo. Da katin bashi kuwa, dokar Amurka ta 1974 ta ba ka kwana 60 daga fitowar takardar lissafin da cajin ya bayyana ka ƙalubalance shi. Ƙa'idar FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, kuma ta ce idan mai sayarwa bai faɗi ranar aikawa ba, kwana 30 gare shi ya aiko da kayan. Wanda aka riga aka cuta ya kira bankinsa yau, ya kuma kai ƙara FTC.

Abin dariyar, maganaɗisun nan da suke yaudara da shi, shi ne zai tsare ku daga wata cutar. Masu sayar da kwanso a bokiti da sunan "harbi ɗaya aka yi da shi" wasunsu sukan cakuɗa da na baƙin ƙarfe mai ruwan tagulla don ya yi nauyi. Ku zuba a tire, ku bi da maganaɗisu a gaban mai shi kafin a auna. Na alminiyam ba zai manne ba, amma launinsa toka-toka da rashin nauyinsa za su tona shi. Kwanson harsashi samfurin 9mm na tagulla bai wuce kimanin giram 4 ba, don haka lissafin adadi da nauyi ba wuya.

Kafin ma ku sayi komai, ku tambayi masu filin da kuke zuwa. Wasu filayen sun ɗauki duk kwanson da ya taɓa ƙasa nasu ne, wasu kuma naka kaɗai za su bari ka kwasa. Sannan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, domin ƙurar dalma na maƙale a jikin kwanson.