Na sayi manhajar yawon Whitehall don tarihin Ofishin Yaƙi na Ingila, ga yadda na ganta

Ga masu zuwa Landan da suke tambayata ko waɗannan manhajojin yawo na waya suna da amfani, irin wanda za ka saka abin kunne kana tafiya wata murya tana maka bayanin ginin da kake gabansa, toh na gwada ɗaya da aka yi ta musamman a kan unguwar Whitehall da tsohon muƙamin Sakataren Yaƙi, wato ministan da a da yake riƙe da sojan ƙasa na Birtaniya kafin a soke kujerar a 1964. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don akwai abubuwan da zan soka, kuma irinsu da yawa ne a kasuwa. A taƙaice dai ta ci kuɗinta, amma da gyara.

Yadda take aiki ba wahala, ka biya sau ɗaya ka sauke komai a wayarka tun kana gida, ba ka buƙatar data a hanya, GPS ne yake gane inda kake sai muryar ta fara da kanta. Tafiyar daga wajen Trafalgar Square take farawa ta gangara zuwa majalisa. Matsalar farko kenan, GPS ɗin yana rikicewa tsakanin manyan gine-ginen nan, kana gaban Horse Guards, tsohuwar hedikwatar sojan ƙasa, sai ta fara maka labarin wani gini da ka riga ka wuce, dole ka fito da waya cikin sanyi ka danna da hannu. Kuma tana shan batir sosai, ku tafi da fawa bank.

Inda ta burge ni shi ne yadda ta warware rikicin muƙamin nan, don gaskiya abin a cakuɗe yake. An ƙirƙiro kujerar a 1794 lokacin da suke yaƙi da Faransa, Henry Dundas ne ya fara hawa, sai a 1801 aka haɗa ta da harkar ƙasashen da suka mallaka, mutum ɗaya yana riƙe da yaƙi da mulkin mallaka a hannu guda, wanda ni a ganina wannan haɗin kaɗai ya isa ya nuna maka yadda daular take kallon abubuwan biyu. Ga kuma wani tsohon muƙami daban mai kusan suna iri ɗaya wanda shi aikinsa kuɗin soja da takardu, ga babban kwamanda a Horse Guards da yake ganin shi sarauta kawai yake wa biyayya, ga hukumar makamai ita ma mai zaman kanta, kowa da igiyarsa. Sai da yaƙin Kirimiya ya tona musu asiri, sojoji suna mutuwa da cuta da sanyi fiye da harsashi saboda kaya ba sa isa inda ake buƙata, tun farkon yaƙin a 1854 aka raba yaƙi da mulkin mallaka, a 1855 aka rushe hukumar makaman, tsohon muƙamin can kuma aka soke shi gaba ɗaya a 1863. Muryar ta yi wannan bayanin cikin 'yan mintuna ba tare da ta ruɗa ni ba, wannan kam na yaba.

Wajen da ya fi min daɗi shi ne gaban mutum-mutumin Duke na Cambridge a kan doki, a tsakiyar titi daidai gaban tsohon ginin Ofishin Yaƙi. Ɗan uwan Sarauniya Victoria ne, ya riƙe babban kwamanda daga 1856 har 1895, kusan shekara arba'in fa, kuma duk wani gyara da aka kawo sai ya turje. Abokin karawarsa Edward Cardwell farar hula ne, ya riƙe Sakataren Yaƙi daga 1868 zuwa 1874. A lokacin in kana da kuɗi sayen muƙamin hafsa kake yi, ka sayi kyaftin ka sayi laftanar kanar, talaka komai jarumtarsa da wuya ya hau. Cardwell ya kawo doka a soke, majalisar dattijai ta masu sarauta ta ƙi, sai gwamnati ta zagaya ta sa Sarauniya ta soke da umarnin sarauta a 1871. Ya rage shekarun da soja yake ɗauka yana aiki don a samu dakarun ajiya, aka daina bulala a lokacin zaman lafiya, sannan dokar 1870 ta sa babban kwamanda a ƙarƙashin minista, har aka tilasta wa Duke ɗin ya kwashe ofishinsa ya koma Pall Mall inda ministan yake. Ni wannan ne ainihin labarin kujerar nan, kokawa ce ta wa ke da iko da soja, zaɓaɓɓen ɗan siyasa ko mai kaki da jinin sarauta, kuma ba a gama ba sai 1904 da aka soke muƙamin babban kwamandan aka kafa Majalisar Soja da minista ke shugabanta. Da manhajar ta ƙara lokaci a nan da na fi so.

Ginin Ofishin Yaƙin kansa an gama shi a 1906, ɗakuna sama da dubu, baranda ta ciki in aka haɗa ta kai kusan kilomita huɗu. Yanzu ba ofis ba ne, an sayar wa iyalan Hinduja, attajirai 'yan asalin Indiya, a 2016 a kan fam miliyan 350 da ɗoriya, ya buɗe a matsayin otal ɗin Raffles a 2023. Manhajar daga waje kawai take nuna maka, kuɗinka bai haɗa da shiga ba, ya kamata su rubuta hakan ɓaro-ɓaro kafin mutum ya biya don hotunan tallarsu na cikin ginin ne.

Richard Haldane ta ɗan taɓa shi ta wuce, alhali da yake riƙe da kujerar daga 1905 zuwa 1912 shi ya tsara rundunar da aka tura Faransa a 1914 da kuma dakarun sa-kai na cikin gida a 1908. Kitchener kuwa ta ba shi haƙƙinsa, soja ne aka ɗauko aka ba shi kujerar aka zaunar a majalisar ministoci a watan Agusta 1914, ya ce musu yaƙin nan shekaru zai ɗauka lokacin da mutane suke cewa kafin Kirsimeti an gama, ya tara 'yan sa-kai da wannan fostar da yake nuna ka da yatsa, amma bai iya zama da 'yan siyasa ba, da aka yi ƙarancin harsashin igwa a 1915 aka ƙwace harkar makamai aka ba Lloyd George, sannan a 5 ga Yuni 1916 jirgin ruwan Hampshire da yake ciki zuwa Rasha ya taka nakiya kusa da Orkney ya nutse da shi. Abin da ba ta ce ba, kuma kana tsaye gaban mutum-mutuminsa a filin Horse Guards, shi ne yaƙin Omdurman da ya jagoranta a 1898 da dubban mutanen Sudan da aka kashe a yini guda, “ya yi nasara a Sudan” kawai aka ce aka wuce.

Wannan ya kawo ni babban ƙorafina. Daga farko har ƙarshe ba a ambaci sojan Afirka ko sau ɗaya ba. Rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897 tana ƙarƙashin ofishin mulkin mallaka ne, amma da yaƙin duniya na biyu ya zo aka mayar da ita hannun Ofishin Yaƙi, daga cikinta aka fitar da runduna ta 81 da ta 82 da aka kai Bama, Hausawa cike a ciki, duk wanda ya tashi a Arewa ya ji labarin tsofaffin 'yan Bama. Minti biyu ma ya isa a ce ga waɗanda aka tura daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, amma shiru.

Lokacin da za a yi wannan da shi sai aka ɓata a kan Profumo. Eh labari ne mai jan hankali, ministan yaƙi daga 1960 ya yi hulɗa da Christine Keeler wadda kuma take da alaƙa da wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet, ya yi wa majalisa ƙarya a watan Maris 1963 ya sauka a watan Yuni, amma manhajar ta ja shi ta ja shi har da kiɗa a baya kamar fim, kuma ta bar mai sauraro da tunanin wai wannan abin kunyar ne ya kashe kujerar. Ba haka ba ne, tun 1946 aka cire mai riƙe da ita daga cikin manyan ministoci aka ɗora Ministan Tsaro a samansa, saboda yaƙin ya nuna musu sojan ƙasa da na ruwa da na sama ba za su ci gaba da ma'aikatu uku suna rige-rigen kasafi ba. James Ramsden shi ne na ƙarshe, a 1 ga Afrilu 1964 aka narkar da duka ukun cikin Ma'aikatar Tsaro guda. Churchill ma da ya riƙe ta daga 1919 zuwa 1921 jimla biyu aka yi masa.

Turancin mai bayanin a hankali yake, ko wanda kunnensa bai saba da harshen mutanen Landan ba zai gane, akwai rubutu a allo in ka rasa wata kalma, amma babu wani yare bayan Turanci da wasu na Turai. In kai ɗalibin tarihi ne ko kana son sanin yadda farar hula suka sa wa soja linzami a ƙasar nan, saya, taurari uku da rabi na ba ta cikin biyar. In hoton doki da masu jar riga ka zo ɗauka, wannan kyauta ne, ka je Horse Guards da hantsi kafin jama'a su cika wajen ka ajiye kuɗinka.