Gida ɗaya, mutum uku: wace hanya za ku bi wajen raba kuɗin haya?

A yawancin garuruwan Najeriya ana biyan haya ne a dunƙule, na shekara guda. Shi ya sa ɗalibin Jami'ar Bayero da ke neman wuri a Danbare ko Rijiyar Zaki, da na Ahmadu Bello a Samaru, da ma'aikacin da ke kwana a Mararaba yana sammako zuwa Abuja, ba kasafai suke iya kama gida su kaɗai ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima kuma 77,000. Dole a nemi abokan zama a yi karo-karo. Inda ake samun saɓani shi ne nawa kowa zai bayar, kuma sau da yawa ba a tayar da maganar sai an riga an biya dillali, kowa ya shimfiɗa katifarsa.

Mu ɗauka gida ne na naira 900,000 a shekara, mai ɗaki uku da falo da kicin. Babban ɗaki yana da bayi a ciki. Na biyu matsakaici ne. Na uku ƙarami, jikin kicin, tagarsa ɗaya tana kallon yamma, ga kuma janaretan maƙwabci a bayan katanga.

Abin da aka fi yi shi ne a raba uku, kowa 300,000. Ba lissafi, ba gardama a ranar farko. Idan ɗakunan iri ɗaya ne, kamar jerin ɗakunan da ake gina wa ɗalibai, to ku yi hakan ku huta. Amma a irin gidan da na kwatanta, mai ƙaramin ɗaki zai yi shiru don kunya har zuwa watan Afrilu. Bango ya sha rana tun azahar, dare ya yi ɗakin bai huce ba, da asuba ya bi layin bayi, abokinsa kuwa yana wanka a ɗakinsa, alhali kuɗinsu ɗaya. Ba zai ce komai kan haya ba. A kan wanke-wanke da shara za a ji fushin.

Akwai masu ɗauko tef su auna. A wannan tsarin ana ware kaso ɗaya cikin uku na kuɗin, wato 300,000, a matsayin na falo da kicin da tsakar gida, kowa ya ɗauki 100,000 tunda kowa na amfani da su. Ragowar 600,000 sai ta bi girman ɗaki. Idan faɗin ɗakunan duk mita 3 ne, tsawonsu kuma mita 5 da 4 da 3, lissafin zai ba da 250,000 da 200,000 da 150,000. Jimilla ke nan 350,000 da 300,000 da 250,000. Wannan ya fi rabon daidai nesa ba kusa ba, kuma ba wanda zai ce an yi son kai. Sai dai tef ba ya auna zafi, ba ya auna yoyon damina ko ƙarar janareta, bai kuma san darajar bayi a ciki ba. Ku ɗauke shi a matsayin mafari.

Wasu kuma sukan ce mai samu da yawa ya biya da yawa. Tsakanin wa da ƙane, ko ma'aikaci da ɗan garinsu da ya zo karatu, wannan abu ne mai kyau, kuma da lada. Amma taimako ne, a kira shi da sunansa. A fara sanin kason kowa na gaskiya, sannan Yaya ya ce na ɗauke maka 50,000 a bana. In ba a yi haka ba, wanda ya fi biya yakan fara jin shi ne mai gidan, ɗayan kuma ya rasa bakin magana ko da an takura masa. Ranar da aka yi gori kuwa, zaman ya lalace.

Hanyar da na fi yarda da ita irin ta watanda ce: ana gama kasa naman kafin kowa ya san wane kashi zai ɗauka. A sa wa kowane ɗaki farashi tun ba a ce wane na wane ba. Idan mutum biyu ne abin ya fi sauƙi, ɗaya ya yanka farashin ɗakunan, ɗayan ya fara zaɓa. Wanda ya san ba shi zai fara ɗauka ba, ba zai karkatar da rabon ba. Idan uku ne, a fara da lissafin tef, kowa ya rubuta ɗakin da yake so a takarda ya naɗe. In biyu suka haɗu a babban ɗaki, a ƙara masa 10,000, a rage wa sauran biyun 5,000 kowanne, a sake rubutawa. Za a iya kaiwa 380,000 da 285,000 da 235,000 kafin ɗaya ya ga ragin da aka yi wa matsakaicin ya fi masa. A nan kowa ya ɗauki abin da ya zaɓa da hannunsa, a farashin da ya ji ya gani. Rubutun a ɓoye yana da muhimmanci a wurinmu, domin a baki ƙarami ba zai yi tayi da babba ba, zai ce “Yaya, ka ɗauka kawai” ko da ransa bai so ba. La'adar dillali, wadda galibi kashi 10 ce cikin 100, ta bi kason hayar kowa.

Duk wannan na ɗaki ne. Wuta da ruwa da gas da kuɗin shara lissafinsu daban, kawunan da ke kwana a gidan suke bi. Tun Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta daga baya, katin mita ya zama abin zama a yi magana. Mai hita da dutsen guga da firji a ɗakinsa ba daidai yake da mai fanka da cajin waya ba, ya kamata ya ƙara wani abu da aka amince a kai. Haka jarkokin da ake saye wurin 'yan ga-ruwa. Baƙo kuma ba a ƙinsa, amma ƙanen da ya zo kwana biyu ya zarce wata, a sa shi cikin lissafin ruwa da wuta.

Wanda ya yi tafiya fa? Ba zai biya wutar da bai sha ba, amma hayar ɗakinsa tana kansa, tunda kayansa na ciki kuma makulli na hannunsa. Ɗaliban da suka ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, sun san haya ba ta tsayawa don an rufe makaranta.

Kafin ku miƙa kuɗi, ku nemi a sa sunayenku duka a takardar yarjejeniya da rasit, kada a bar sunan mutum ɗaya. Ku ɗauki hoton bango da famfo da ƙofofi ranar shiga, saboda kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa don gyaran ɓarna. Sannan ku tambaye shi a gaban dillali: idan ɗayanku ya tashi a tsakiyar shekara, ya yarda a kawo wani ya maye gurbinsa? In ya yarda, a rubuta, a kuma rubuta cewa sai sauran biyun sun amince da sabon mutumin kafin a ba shi makulli.