Na'urar da muka saya don tsaro, ta nan aka bi aka shigo mana

Idan ƙarfen kawai za a duba, fayawol ɗin da muka sa a ofishinmu ba shi da abin kushewa. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfani mai sayar da taki da maganin feshi a nan Sakkwato, babban ofis yana cikin gari, sito ɗaya a Illela, ɗaya a Tambuwal. Na'urar nan ita ke tsaye tsakaninmu da intanet, kuma ta cikinta ma'aikatan sito ke shigowa ta VPN, wato keɓantacciyar hanyar shiga kwamfutocin ofis daga nesa, su rubuta abin da ya fita da abin da ya rage. Ta sha zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 kuma esin ɗakin ba ya aiki, ba ta taɓa daskarewa ba. Ta sha ƙurar hunturu. A ɗauke wuta a koma inbata, a koma janareta, tana nan daram. Idan layin intanet ɗaya ya faɗi ta kan juya kan na biyu ba tare da kowa ya lura ba. Har abokai biyu na tura wurin dillalin da ya kawo mana ita, kuma kun dai san kuɗin irin waɗannan kaya ba na wasa ba ne.

Sunan kamfanin da ya ƙera ta da na dillalin ba zan kama ba. Abin da suka yi mana shi zan faɗa.

Wata safiya akawunmu na Illela ya kira ya ce VPN ya ƙi karɓar kalmar sirrinsa. Na shiga shafin sarrafa na'urar don in sake masa wata, sai na ga sunan wani mai cikakken iko a jerin masu gudanarwa, sunan da ban taɓa gani ba, haruffa ne kawai a cakuɗe. Mu biyu ya kamata a samu a wurin, ni da injiniyan dillali. Na buɗe kundin shige da fice, sai ga shi an yi ta shigowa da wannan suna tsakar dare daga adireshin ƙasashen waje, kuma an sauke fayil ɗin saitin na'urar gaba ɗaya. A cikin wannan fayil akwai sunan kowane ma'aikaci da ke amfani da VPN, da kalmomin sirri a dunƙule, da bayanin yadda aka haɗa kwamfutocinmu, wacce ke riƙe da lissafi, wacce ke riƙe da sunaye da lambobin dillalan ƙauye da muke ba kaya bashi. Jikina ya yi sanyi. Nan take na zare wayar intanet daga bayan na'urar, aiki ya tsaya a sito biyu ana tsakiyar damina, motoci na jiran lodi.

Alhaji ya shigo ɗakin da kansa, abin da bai saba ba. Ya dubi na'urar ya ce, “Injiniya, ashe ba wanga akwati na munka saye don ya tsare mu ba?” Na ce, “Ranka ya daɗe, shi ne.” Ya ce to mi muka da shi da wani zai baro ƙasarsu ya nemo mu? Na yi masa bayani cewa babu wanda ya nemo mu da suna. Mutanen nan manhaja suke sakewa tana bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, tana ƙwanƙwasa duk na'urar da ta amsa. Akwai ma shafi irin su Shodan da ke jera na'urorin da ke buɗe a duniya, da irinsu da sigar manhajarsu. Wanda ya shigo mana wataƙila bai san akwai gari mai suna Sakkwato ba. Ya ga na'ura mai tsohuwar manhaja, shafin sarrafa ta a buɗe, ya shige.

To wa ya bar shi a buɗe? A nan ne raina ya fara ɓaci da gaske. Injiniyan dillalin ne ya buɗe shafin ga intanet ranar da ya girka na'urar, don ya riƙa gyara daga garinsu ba sai ya hau mota ya zo ba. Babu inda aka rubuta haka a takardar miƙa aiki. Da na kira shi, sai ya ce ai haka suke yi wa kowa, kuma kalmar sirrin da ya sa mai ƙarfi ce. Ina amfanin ƙarfin kalmar sirri idan ɓarakar da ke cikin manhajar ba ta tambayar kalmar sirri? Na bincika shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, na tarar sun fitar da sanarwa a kan wannan ɓaraka makonni kafin abin ya same mu, har da facin da zai toshe ta. Sanarwar ta tafi imel ɗin dillali, domin da sunansa ya yi wa na'urarmu rajista. Mu da muka biya kuɗi ba mu sami ko saƙo ɗaya ba. Shi ya samu, bai kira ba.

Da na huce kaɗan na yi wa masu ƙera ta adalci a zuciyata, domin babu manhajar da ba a samun kafa a cikinta, kuma manyan da suka fi namu suna sun ga haka. A ranar 16 ga Oktoban 2023 Cisco ya sanar da ɓaraka mai lamba CVE-2023-20198 a shafin sarrafa manhajarsa ta IOS XE, wadda aka ba maki 10 cikin 10 na haɗari. Aikinta kusan iri ɗaya da abin da na gani: baƙo daga waje ya ƙirƙira wa kansa asusu mai cikakken iko. Cikin 'yan kwanaki masu bincike suka ƙirga na'urori sama da 40,000 da aka dasa wa muguwar manhaja, kuma shawarar farko da kamfanin ya bayar kafin faci ya fito ita ce a rufe wannan shafi daga intanet. A farkon 2024 abin ya kai hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayya su cire na'urorin VPN na Ivanti daga layi kafin ƙarshen ranar 2 ga Fabrairu. Tamu ba ta ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, amma ganin haka ya sa na ce to, masu ƙera tamu sun yi nasu, sun sanar, sun fitar da faci, laifi na dillali ne.

Wannan ra'ayi bai kai yamma ba. Na je sauke facin, shafin ya ce lasisin tallafi ya ƙare, sai an sabunta. Wallahi har yanzu idan na tuna sai na ji abin ya taso mini. Kuskuren a manhajarsu yake, ma'aikatansu suka rubuta shi, na'urar kuma ba ta tsufa ba, suna kan sayar da irinta. Amma kafin a ba ni gyaran kuskurensu sai na biya da dala. Duk mai sayen kayan waje ya san abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Lasisin da a da ake biya ba a ji ba, ya koma kuɗin da sai an zauna da Alhaji a yi shawara. Na yarda a caje ni kan tace shafuka da sauran ƙarin aiki. Facin ɓarakar da ake shiga da ita a lokacin, bai kamata a kulle shi bayan biyan kuɗi ba. Kuma ko a fuskar na'urar, da na shiga kullum, babu wani jan rubutu da ya ce manhajarka na cikin haɗari. Abin da ke fitowa da girma shi ne tunin sabunta lasisi.

Muka biya, don babu yadda za mu yi. Dillali ya ce in ɗora facin kawai in mayar da waya, shi ke nan. Na ƙi. Hakan kamar ka toshe ramin da ɓera ya bi ya shiga rumbu ne alhali yana ciki. Abin da ya sami masu amfani da Fortinet ya isa hujja: ɓarakar CVE-2018-13379 an fitar da facinta tun 2019, amma a Satumban 2021 aka watsa sunaye da kalmomin sirri na VPN da aka kwasa daga na'urori kusan 87,000, kuma wanda ya ɗora faci bai canja kalmar sirri ba yana nan cikin haɗari. Barracuda ma a 2023 cewa ya yi masu na'urar tace imel ɗinsa da aka shiga su canja ta ɗungurungum, faci ba zai wadatar ba.

Saboda haka na fara kwafe kundin shige da fice na ajiye, na goge na'urar ta koma yadda ta fito daga kwali, na ɗora sabuwar manhaja, sannan na sake gina saitin da hannu, layi bayan layi, domin ban yarda da ajiyayyen fayil ɗin ba. Na canja kalmar sirrin kowa, har ta imel da ta manhajar lissafi, don wasu ma'aikata kalma ɗaya suke amfani da ita ko'ina. Na kunna tantancewa mataki biyu ga VPN, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba da ke zuwa a waya, duk da ƙorafin mutanen sito cewa lambar na ba su wahala idan sabis ya yi ƙasa a Illela. Shafin sarrafawa yanzu kwamfuta ɗaya ce tak a cikin ofis ke iya buɗe shi. Kundin kuma yana tafiya wata kwamfuta daban, saboda wanda ya kama na'ura yana iya goge sawunsa daga cikinta. Mun bi kwamfutar lissafi da sauran mun duba, ba mu ga alamar an taɓa su ba, Alhamdulillahi. Da alama an kwashi fayil ɗin ne a ajiye ko a sayar wa masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa. Duk da haka Alhaji ya sa lauyan kamfani ya duba matsayinmu, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce idan kutse zai iya cutar da mutanen da kake riƙe da bayanansu, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Yanzu ba na jiran kowa ya kira ni. Ina duba shafin sanarwar tsaro na kamfanin da kaina, ina duba jerin ɓarakar da aka tabbatar ana amfani da su wanda CISA ke fitarwa kyauta tun Nuwamban 2021, da sanarwar ngCERT, cibiyar tsaron intanet ta nan gida. Abokan nan biyu da na tura wurin dillalin na kira su, muka duba nasu tare. Ɗaya daga cikinsu, mai kula da wani otal, shafinsa ma a buɗe yake. Masu kafe da ƙananan ofisoshi da ke amfani da rauta ta MikroTik su ma su leƙa: ɓarakar 2018 ta Winbox, manhajar sarrafa rautar, an toshe ta tun Afrilun shekarar, amma sai wanda ya sabunta, kuma tashar 8291 da Winbox ke bi ba ta da dalilin zama a buɗe ga intanet.

In an tambaye ni ko zan sake sayen irin wannan na'ura, ban yanke ba tukuna. Tana aikinta, ko yau tana nan tana haɗa Illela da Tambuwal ba tangarɗa. Amma daga hannun wannan dillali, a'a, kuma daga kowa ma sai an yi rajista da imel ɗin kamfaninmu a gabana, an rubuta mini ranar da lasisi zai ƙare da shekarar da za a daina fitar wa na'urar faci, an kuma nuna mini duk abin da aka buɗe ga waje kafin a sa hannu a takarda. Rajistar tamu har yanzu tana kan sunan dillalin. Na rubuta masa, Alhaji ya kira ubangidansa, kullum sai a ce ana kan aikin.