Mazubin POP ko na silikon: wanne ya dace da bindigar fim?

Malam, ka ce kuna shirya fim a kan sojojinmu da suka je yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu), kuna buƙatar bindigogin bogi kamar 20, kana tambaya ko a yi mazubin da POP tunda ga shi nan a kowace kasuwa, ko a daure a sayi silikon. Shawarata ita ce silikon ya zama shi ke taɓa jikin bindigar, POP kuma ya riƙe shi ta baya. Ga dalilina.

Sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a Bama tsakanin 1943 da 1945, bindiga ƙirar Lee-Enfield suka riƙe. Tsawonta kusan santimita 113 ne, nauyinta wajen kilo 4. Iri biyu ne suka fi yawa a lokacin: No. 1 Mk III ta 1907, wadda katakonta ya kai har bakinta, da No. 4 wadda ta shiga hannun sojoji a 1941, ita kuwa bututunta ya ɗan leƙo waje, abin saitinta na baya kuma yana kusa da idon mai harbi. Ka duba hotunan lokacin ka tsayar da ɗaya. Samfurin da za a ɗauki siffarsa kuma kafinta ya sassaƙa shi da katako da bututun roba. Kada ka nemi ta gaske, ko ta aro.

Siffar wannan bindiga ita ce ke raba gardama. Tana da hannun ɗana harsashi da ya fito gefe, da zoben da ya kewaye kunama, da gidan harsasai 10 a ƙasa, da ƙananan zobba na maratayi. Duk waɗannan lunguna ne. POP in ya bushe ya zama dutse, ba ya lanƙwasa ko kaɗan, saboda haka in ya shiga bayan zoben kunama ya ƙulle ke nan: ko ka fasa mazubin, ko ka karya samfurin. Silikon kuwa sai ka ɗaye shi kamar safa daga ƙafa, ya koma siffarsa. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida guda: abu mai tauri a mazubi mai laushi ake zuba shi, mai laushi kuma a mazubi mai tauri. In ka zuba rezin, wanda ke daskarewa ya yi ƙarfi, a cikin POP, tauri ya haɗu da tauri, kuma da wuya ka fitar da bindiga ta uku gefunan mazubin ba su fara ɓantarewa ba.

Wajen kama zane ma ba a haɗa su. Silikon yana ɗauko har jijiyar katako da kan kusa, abin da kyamara za ta nema in an matso kusa da hannun jarumi. Mazubi guda yakan ba ka gomman zubi kafin ya gaji, wato 20 ɗinka ba su fi ƙarfinsa ba.

Inda POP ya yi nasara shi ne kuɗi da samuwa. Silikon na zubi, mai ruwa biyu da ake haɗawa, daga waje ake kawo shi, kuma in ka ce za ka cika akwati mai tsawon fiye da mita da shi, kasafin fim ɗin zai ji a jikinsa. Shi ya sa na ce a haɗa su. Ka binne rabin samfurin a yumɓu, ka lotsa 'yan ramuka a gefe don ɓangarorin biyu su riƙa haɗuwa daidai, ka shafa silikon da buroshi sau uku ko huɗu har ya yi kauri kamar rabin santimita, sannan ka yi masa riga da POP da tsumman buhu. Ka juya ka yi ɗaya gefen. Kafin nan sai ka shafa basilin a kan gefen farko, domin silikon yana manne wa ɗan'uwansa, in ka manta za ka tarar da samfurinka a rufe ruf. Ka bar ƙofar zubi ta gindi, da ƙananan hanyoyin fitar iska a wuraren da suka yi tsini.

Ka kula da irin silikon ɗin da za a sayar maka. Mai haɗin filatinom ya fi daɗewa, amma ba ya daskarewa in ya taɓa yumɓu mai farar wuta ko safar hannu ta robar latas (latex). Mai haɗin kuza ya fi araha da haƙuri, sai dai bayan 'yan shekaru yakan yi rauni ya fara yagewa. Ga aikin fim ɗaya, na kuza ya wadatar. Wanda masu aikin gilashi ke matsawa daga kwalba kuwa, in an kwaɓa shi da sitaci yana yin ƙananan abubuwa, amma yana tsukewa, ban yarda da shi ga dogon abu ba.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Rezin ɗin foliyuritan ba ya shiri da laima, da damina sai ya yi kumfa ya fito da ramuka. A zafin bazara kuma yana iya kamawa tun kana cikin juyawa, don haka a yi zubi da sassafe. A sa siririn rodi a tsakiya don kada bindigar ta lanƙwashe a rana, a sa takunkumi, a yi aikin a fili. Bayan fenti, garin bakin fensir da aka goga a kan sassan ƙarfe yana ba da ƙyallin tsohon ƙarfe.

POP shi kaɗai yana da wurinsa: bindigogin faɗuwa da kokawa. A nan kana son mai laushi, don kada wani ya faɗa kan rezin ya karye haƙarƙari. Ka toshe lungunan samfurin da yumɓu, ka yi mazubin POP, ka zuba ruwan robar latas a ciki. POP ɗin zai tsotse ruwan ya bar fata, sai ka cika ta da soso. Daga nesa ba mai ganewa.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne kowace ta fito a toshe, dunƙule guda, ba rami a bututu, ba abin da ke motsi. A 2021 an rasa mai ɗaukar hoto a jihar New Mexico ta Amurka saboda bindigar gaske da aka shigo da ita wurin ɗaukar fim. Kuma ta bogi mai kyau ma tana iya jawo harbi daga wanda bai sani ba, shi ya sa Birtaniya tun dokar 2006 ta hana ƙera irinsu sai don fim, wasan dandali, gidan tarihi da makamantansu. A halin tsaron da muke ciki, ka rubuta wa ofishin 'yan sanda na yankin kafin ka fara, ka sanar da mai unguwa, ka sa wa kowace lamba a gindi, a kai su wurin aiki a akwati mai makulli, mutum ɗaya ya raba su ya kuma ƙirga su in an tashi.