Irin tsiro mai cin ƙwari: wanda za ka nema da wanda za ka guje wa

Idan karonka na farko ne, nemi ƙwayar irin tsiron Drosera. Ganyenta na fitar da ɗigon danƙo mai ƙyalli kamar raɓa, ƙwaro na sauka ya maƙale, gashin ganyen ya lanƙwaso ya rufe shi. Wadda na fi so ita ce Drosera burmannii ta yankunan zafi na Asiya da Ostareliya, don ba ta neman lokacin sanyi. Irinta kamar ƙura yake. Barbaɗa shi ake yi a kan jiƙaƙƙen gansakuka da yashi, ba a binnewa, ba a sa taki. Ruwan sama kawai nake ba ta, ruwan rijiya kashe ta yake yi a hankali. Cikin 'yan watanni ta yi fure ta zuba iri, har ka samu na yin musaya da wasu. Kuma ba ta cikin jerin CITES, yarjejeniyar da ke tsare cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Irin Sarracenia, mai ganye kamar kakaki da ƙwari ke faɗawa ciki, sai ya yi kamar wata guda a firji kafin ya tsiro. Na Nepenthes kuwa, mai ɗan tulu a ƙarshen ganye, saurin mutuwa gare shi, yana iya lalacewa a hanya.

Sai Venus flytrap, mai ganye kamar tarko, inda 'yan damfara suka yi sansani. Asalinta Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, kuma tana buƙatar barcin hunturu duk shekara. Na taɓa sayen wai irin shuɗiyarta a wata kasuwar intanet, na yi sati 6 ina ban ruwa, ciyawa ce ta fito. Har yau abin na yi min ciwo. Babu shuɗiyar flytrap, hoton ne aka rina. Irin gaskiya baƙi ne wuluk, yana sheƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba. In ka ga launin ruwan ƙasa ne, ko an ce ɗaruruwa a kuɗi kaɗan, ko mai sayarwa bai san sunan kimiyya da watan girbi ba, riƙe kuɗinka. Tun 2014 tono ta a daji babban laifi ne a Karolina ta Arewa, don haka tambayi inda aka samo.

Batun takardu, kyauta ko musaya duk doka ɗaya ce da saye. Irin flytrap da yawancin Nepenthes da Sarracenia ba ya buƙatar izinin CITES, amma Nepenthes rajah da khasiana da Sarracenia oreophila har ƙwayar irinsu ma sai da izini. A Najeriya, hukumar killace kayan gona, wato NAQS, ce ke ba da izinin shigo da iri, mai aikowa kuma ya haɗo da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasarsa. Duk wanda ya ce zai ɓoye maka a cikin katin gaisuwa, kai da sunanka ke kan ambulan ya jefa a matsala.